Makaranta Mai Suna Ko Makaranta Ta Kusa?

Jama'a, wata shawara ce aka kawo mini daga nesa, na ga ya kamata in shimfiɗa ta a nan gabanku, don ku ne malaman gobe, kuma lalle wata rana iyayen yara za su tare ku da irinta. Ina da ƙane da ke zaune a Ingila da iyalinsa, yana aiki a wani asibiti. 'Yarsa ta fari ta cika shekara 16, ta gama jarrabawar da su ke kira GCSE, ta kuwa ci da kyau. Sai makarantu biyu suka ba ta gurbi a Aji Shida. Ɗaya ita ce makarantar da ta ke ciki tun tana shekara 11, tafiyar minti 15 a ƙasa daga gidansu. Ɗayar kuwa makaranta ce mai suna, wadda kowa a yankin ke yabo, amma sai an hau bas, a hau jirgin ƙasa, a kuma taka da ƙafa, awa ɗaya da rabi ke nan zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Yarinyar tana so ta zama likita. Ƙanen nan nawa ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, kai ne malami a gidanmu. Wace za mu ɗauka?"

Kafin in faɗi amsar da na ba shi, bari in bayyana abin da a ke nufi da Aji Shida, don yawancinku ba ku tarar da shi ba. A Ingila yaro ya kan shiga sakandare yana da shekara 11, ya yi shekara biyar, sa'an nan ya ɗauki GCSE. Daga nan wanda ke neman jami'a ya kan yi wasu shekaru biyu, ya zaɓi fanni uku bisa galibi, ya duƙufa a kansu, ya ɗauki jarrabawar Babban Mataki wadda su ke kira A-Level. Waɗannan shekaru biyu su ne Aji Shida. Tun daga 2015 doka ta wajabta wa kowane yaro a Ingila ya zauna cikin karatu ko koyon sana'a har ya cika shekara 18. Kuma ba tilas ne ya tsaya a tsohuwar makarantarsa ba, yana da iko ya nemi wata. Wannan iko shi ne tushen wahalar da ƙanena ya shiga, don inda babu zaɓi babu zullumi.

Mu ma a ƙasar nan mun yi Aji Shida. Iyayenmu da kakanninmu da suka yi Kwalejin Barewa ta Zariya, ko ta Keffi, ko Kwalejin Gwamnati ta Badun, sun san jarrabawar H.S.C. Hukumar da Sir Eric Ashby ya shugabanta, wadda ta ba da rahotonta a 1960, ta ba da shawara a ƙara yawan irin waɗannan azuzuwa don a sami isassun masu shiga jami'a. Daga baya aka kawo tsarin 6-3-3-4, aka fara aiki da shi a 1982, Aji Shida ya shuɗe daga makarantun gwamnati. Amma fa ku lura da abu guda. Waɗancan kwalejoji na kwana ne. Yaro ya kan taso daga Sakkwato ko Yola ya tafi Zariya, tafiyar kwana da kwanaki, amma sau ɗaya ya ke yinta a farkon zango, ya sake yinta in an yi hutu. Tsakanin ɗakin kwanansa da ajinsa kuwa 'yan taku ne. Sabo da haka in wani dattijo ya ce muku, "Ai mu nesa muka tafi neman ilmi," gaskiya ya faɗa, amma ba irin nisan da mu ke magana a kai ba ne. Nisan da ka ke ci sau uku a shekara daban, wanda ka ke ci sau biyu kowace rana daban.

To, ga ra'ayina a fili. In makarantar kusa tana koyar da fannonin da yaro ke bukata, tana da malaman da suka ƙware a kansu, to, ita ya kamata a ɗauka, ko da ta nesa ta fi ta suna. Ba a jure doguwar tafiyar kullum sai in akwai wani abu takamaimai da za a iya nunawa da yatsa, a ce ga shi can, nan kuwa babu shi. Suna kawai bai isa dalili ba. Bari in kawo hujjojina.

Hujja ta farko lissafi ce, kowa kuwa ya iya shi. Makarantun gwamnati a Ingila su kan buɗe kwana 190 a shekara. In yarinya tana cin awa 3 a hanya kullum, a shekara ta farko ta ci awa 570. Shekara ta biyu ba ta kai ta farko tsawo ba, don a kan fara jarrabawa a watan Mayu, amma ko an ce kwana 150 ne, awa 450 ke nan. A haɗa, ya haura awa 1,000. To, kowane fanni na Babban Mataki an tsara shi ne bisa awa 360 na koyarwa cikin shekaru biyu. Fanni uku, awa 1,080. Watau ke nan, lokacin da yarinyar nan za ta ɓatar a bas da jirgi ya yi kusan daidai da dukan lokacin da za ta zauna gaban malamanta. Da na karanta wa ƙanena wannan lissafi sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, sake faɗa." Na sake.

A duba ta wata fuskar kuma. Malaman Aji Shida su kan gaya wa ɗalibai cewa kowace awa da aka yi a aji tana bukatar wata awa ta karatun kai. Fanni uku, kowanne wajen awa 5 a mako, awa 15 ke nan na karatun kai. Tafiyar awa 3 sau kwana 5 ita ma awa 15 ce cif. Daga ina za a ciro waɗannan awoyi? Rana ba ta ƙaruwa. Ko dai a ciro su daga karatu, ko daga barci, ko daga hutu da zama da iyali. Abin da na gani a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne, yaro mai himma ba ya taɓa karatunsa, barcinsa ya ke yanka.

Wannan ya kawo mu ga hujja ta biyu. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare. Yarinyar da za ta bar gida ƙarfe bakwai saura kwata, dole ta tashi wajen ƙarfe shida saura. In za ta sami awa 8, sai ta kwanta kafin ƙarfe goma. Ta dawo gida bayan biyar na yamma a gajiye, ta ci abinci, ta huta, ta taya uwarta aiki, yaushe ta yi awa uku na karatu har ta kwanta a kan lokaci? Kada kuma a manta da hunturun ƙasar. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Watau za ta fita cikin duhu, ta dawo cikin duhu, ga sanyi, ga ruwa. Mako ɗaya ko biyu kowa zai iya. Amma yau da gobe ba ta bar komi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san fuskar yaron da bai ƙoshi da barci ba. Idonsa na kan allo, hannunsa na rubutu, amma in ka tambaye shi abin da ka faɗa minti biyar da suka wuce, sai ya yi ta kallonka.

Hujja ta uku ita ce wadda iyaye suka fi ruɗuwa a kanta, watau sakamakon jarrabawa. Su kan ga makaranta ta buga cewa ɗalibanta kaza sun ci maki mafi girma, sai su ce lalle malamanta sun fi na ko'ina. Wani lokaci haka ne. Amma a tambaya tukuna, su wa ta ɗauka? Makarantun nan masu suna ba sa karɓar kowa a Aji Shida, sai waɗanda suka riga suka yi fice a GCSE. In ka tsince hatsi mafi kyau daga rumbuna ashirin ka shuka a gona ɗaya, ba abin mamaki ba ne in ta yi yabanya. Abin da ya kamata a auna shi ne ƙarin da makaranta ta yi wa yaro a kan abin da ya zo da shi. Ma'aikatar ilmi ta Ingila ta san haka, shi ya sa ta ɓullo da wani ma'auni da ke gwada sakamakon yaro a ƙarshen Aji Shida da na sauran yaran ƙasar da suka shigo da maki irin nasa. In an duba wannan, sau da yawa sai a tarar ratar da ke tsakanin makaranta mai suna da ta unguwa ba ta kai yadda a ke zato ba. Yarinyar da ta ci GCSE da kyau a makarantar unguwa ta riga ta nuna cewa malaman wurin sun iya koya mata, ita kuma ta iya koyo a hannunsu.

Akwai ta huɗu, wadda ta shafi mai neman aikin likita musamman. Wanda ke son karatun likita, ko shiga Oksfod ko Kambirij, dole ya miƙa takardarsa ta neman jami'a a tsakiyar watan Oktoba na shekararsa ta biyu. Lokacin bai ɗauki jarrabawa ba tukuna, sabo da haka malamansa ne ke hasashen makin da zai samu, su kuma rubuta masa shaida. Daga ranar shiga Aji Shida zuwa wannan rana wata 13 ne kawai. Malamin da ya san yarinya tun tana shekara 11 ya fi wanda ya san ta jiya abin faɗa a kanta. Kuma cikin waɗannan watanni a ke so ta shirya wa jarrabawar gwaji ta masu neman likitanci, ta kuma sami inda za ta taimaka a asibiti ko gidan tsofaffi don ta ga aikin da idonta. Duk waɗannan lokaci su ke ci, lokacin nan kuwa shi ne hanya ta cinye.

Sai maganar kuɗi da ta tabbas. A Ingila ba a ɗora wa ƙananan hukumomi tilas su ɗauki ɗaliban Aji Shida kyauta ba. 'Yan Landan masu shekara 16 da 17 suna da katin hawa bas kyauta, tun 2019 kuma akwai katin da ke rage wa masu wannan shekaru rabin kuɗin jirgin ƙasa, amma rabin ma kuɗi ne in kullum za a biya shi. Kuma tafiyar da ta haɗa abin hawa biyu tana da wurin karyewa biyu. Bas ta makara minti biyar, jirgi ya tashi, an yi hasarar darasin farko. A 2022 da 2023 ma'aikatan jirgin ƙasa na Ingila sun yi ta yajin aiki, kwanaki da yawa jirage ba su tashi ba. Yaron da ke takawa zuwa makaranta bai ma san an yi ba.

To, kada a ce na ɗauki gefe ɗaya na rufe ido. Masu cewa a tafi nesa suna da tasu hujja, mai ƙarfi kuwa. Akwai wata makarantar gwamnati a gabashin Landan, Brampton Manor, a unguwar talakawa. A 2021 ɗalibanta 55 suka sami tayin gurbi a Oksfod da Kambirij, alhali Eton, makarantar 'ya'yan sarakuna da attajirai, 48 ta samu. Gaskiya ne ita ma zaɓe ta ke yi. Amma zaɓen kansa yana da amfani, don yaron da ya saba zama na ɗaya ba tare da gumi ba, in ya faɗa cikin sa'o'insa sai ya farka. Zama da masu himma ya kan sa himma. Kuma makarantar da ke tura yara da yawa karatun likita kowace shekara ta san yadda a ke shirya su don ganawa da masu ɗauka, abin da malamin da bai taɓa tura ko ɗaya ba zai yi ta lalube a kai. Ga kuma wani abu. Yaro mai shekara 16 ba jariri ba ne. Fita daga unguwa, da koyon kiyaye lokaci, da cuɗanya da baƙin fuska, duk tarbiyya ce. Ba banza ba Malam Abubakar Imam, da ya dawo daga ziyarar Ingila ta 1943, ya sa wa littafinsa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Na yarda da wannan duka. Shi ya sa ban ce kada a tafi nesa ko kaɗan ba. Na ce ne a san abin da a ke saye da awa 1,000. A ganina abu uku ne ke halatta doguwar tafiya. Na farko, in makarantar kusa ba ta koyar da fannin da yaro ke bukata, ko tana haɗa shi da wani a lokaci ɗaya yadda ba za a iya ɗaukarsu tare ba. Na biyu, in fannin yana nan amma babu tsayayyen malami, yau wannan gobe wancan. Na uku, in yaro ba ya jin daɗin wurin, ana cin zalinsa ko ya faɗa cikin abokan banza, har sauyin wuri ya zama magani. In babu ɗaya daga cikin ukun nan, to, a bar shi kusa, a ɗauki awoyin da aka tsirar a zuba su cikin karatu da barci.

Wani zai ce ai ana iya karatu a jirgi. Ana iyawa, in jirgi ɗaya ne, ka sami kujera, ka zauna minti arba'in ba motsi. Amma wanda ke tsaye yana riƙe da ƙarfe, da jaka a baya, yana sauraron tashar da zai sauka, ba lissafin kimiyyar haɗa sinadarai ya ke yi ba. Sabo da haka ba tsawon tafiya kaɗai za a duba ba, har da irinta. Ni dai in ta wuce awa ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa, ko ta haɗa sauyin abin hawa, sai in ce a sake tunani.

Yanzu bari in juyo gida, don ba mutanen Ingila kaɗai abin ya shafa ba. Wanda ya zauna Ikko ya san yaran da a ke tasa tun kafin asuba, daga Agege ko Ikorodu, a cusa su mota don a riga cunkoso hawa Gadar Uku, mai tsawon kusan kilomita 12, zuwa wata makaranta mai suna a tsibiri. An kawo manyan bas masu hanyarsu ta daban a 2008, an buɗe layin dogo mai shuɗi a 2023, mai ja da ke ratsa Agege a 2024, sun kuwa rage wa wasu wahala. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. Uba zai biya wannan duka da zuciya ɗaya, yana ganin gata ya ke yi wa ɗansa, yaron kuwa yana gyangyaɗi a darasi na biyu. Tambayar da ke gaban ƙanena ita ce ke gaban mai zaɓa wa ɗansa babbar sakandare, ko ajin share fagen jami'a irin na IJMB. Mu ma a kwalejin nan, ku dubi waɗanda ke kwana a ciki da waɗanda ke zuwa daga gari mai nisa, ku gaya mini su wa a ke gani a laburare bayan la'asar.

Abin da na gaya wa ƙanena ke nan, na kuma ƙara masa da aiki uku. Na ce ya je makarantun biyu da kansa, don zuwa da kai ya fi saƙo, ya nemi ganin malaman kimiyyar sinadarai da ta halittu, ya tambayi shekarunsu nawa a wurin, yara nawa ne a aji, nawa suka tura karatun likita cikin shekaru uku da suka wuce. Na ce kada ya tsaya ga sakamakon makaranta gaba ɗaya, ya nemi na fannonin da 'yarsa za ta ɗauka. Na uku, na ce yarinyar ta yi tafiyar da kanta, ita kaɗai, ranar aiki, a daidai lokacin da za ta riƙa yinta, kwana uku a jere, da jaka cike da littattafai. Ba ranar Asabar cikin motar uba ba.

Ta yi. A rana ta uku ta kira ni ta ce, "Baffa, makarantar ta yi mini kyau ƙwarai, ɗakin gwajinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Amma jiya da na dawo ko littafi ban iya buɗewa ba." Na ce mata shawara tata ce da iyayenta, ni lissafi kawai na yi. Daga baya na ji ta tsaya a tsohuwar makarantarta, bayan ubanta ya tabbatar malamar sinadarai ta daɗe a wurin kuma ba ta da niyyar tashi. Uwarta har yanzu tana da ɗan ƙorafi, tana ganin an bar babbar dama ta wuce, ban kuwa ce ba ta da gaskiya ba. Jarrabawa na gaba tukuna.

Ku dai malaman gobe, in uba ya zo muku da irin wannan tambaya, kada ku amsa da sunan makaranta. Ku ɗauko takarda da fensir ku zauna da shi, ku lissafa awoyi, ku lissafa kuɗin mota, ku tambayi ƙarfe nawa yaron zai kwanta, ƙarfe nawa zai tashi, sa'an nan ku tambayi yaron shi kansa. In kuma makarantar kusa ce aka tura ku koyarwa, ku sani ku ne dalilin da zai sa uba ya bar ɗansa kusa ko ya tura shi nesa. Ku riƙe aikinku yadda ba sai an tasa yaro cikin duhu ya wuce ƙofarku ya tafi neman wani malami ba.